Rige-rige a direban katin sadarwa: saba tana sandarewa yayin da take ƙoƙarin gyara kanta

Nura Wuse:
Assalamu alaikum. Ina da wata matsala da ta hana ni sakat kusan wata biyu, na ga gara in kawo ta nan tunda akwai waɗanda suka fi ni daɗewa a cikin kenel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa injin. A wurin aikinmu a Wuse 2 muna da saba uku, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, masu Ubuntu 22.04 da kenel 5.15, kowacce da katin sadarwa na PCIe (ramin da ake soka kati a cikin injin) wanda direbansa, wato manhajar da ke tuƙa katin, ba ya cikin kenel, masu sayar da katin ne suka ba mu rubutunsa muke harhaɗawa da kanmu. Sau ɗaya a mako biyu ko uku, galibi da tsakar rana idan an ɗauke wuta an koma kan janareto, sai ɗaya daga cikinsu ta daina magana da waje. Idan na shiga ɗakin na jona allo, injin yana raye, amma da zarar na buga ip link, umarnin duba katunan sadarwa, sai ya tsaya cak, bayan ɗan lokaci kuma dmesg, mai nuna saƙonnin kenel, ya rubuta cewa ip ya toshe fiye da daƙiƙa 120. Babu abin da ke dawo da ita sai a danne maɓallin wuta.

Kafin wannan saƙon kullum ina ganin abu biyu a jere: NETDEV WATCHDOG, wato mai gadin layin aikawa, yana cewa layin ya tsaya, sannan AER, sashen kenel mai lura da kurakuran PCIe, yana ba da rahoton kuskure a kan katin. Da na karanta direban sai na ga kowannensu yana kiran hanya guda ta sauke katin, wato dakatar da aikinsa kafin a sake tayar da shi. Na sa wata tuta, wato alama a cikin direban mai nuna ana gyara, na ce idan tutar ba ta tashi ba a ɗaga ta a yi gyara, idan ta tashi a koma. Matsalar ta ragu amma ba ta tafi ba, jiya ma ta sake faruwa. Ina neman shawararku.

Malama Hauwa:
Wa alaikumus salam, Malam Nura. Tutar da ka sa ita kanta rige-rige ce, domin dubawa da ɗagawa matakai biyu ne, kuma a injin da ke da furosesa da yawa babu abin da zai hana zare biyu, wato ayyuka biyu da ke gudana a kenel, su duba a lokaci guda, dukansu su ga tuta a ƙasa, dukansu su shiga. Abin da ka yi shi ne ka ƙuntata ƙofar, ba ka rufe ta ba. Kenel yana da test_and_set_bit wanda yake haɗa matakan biyu su zama ɗaya da ba ya rabuwa, shi ne ya kamata ka fara da shi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce, me wanda ya sha kaye zai yi? Idan mai gadin layin aikawa ne ya tarar ana gyara, zai iya komawa abinsa. Idan error_detected ne, wato hanyar direba da AER ke kira idan ya ga kuskure, ya tarar ana gyara, ba shi da ikon komawa haka kawai, domin da zarar ya amsa da NEED_RESET, wato a sake tayar da katin, kenel zai ɗauka cewa direba ya janye hannunsa daga katin gaba ɗaya, ya ci gaba da sake tayar da ramin, alhali wancan zaren yana tsakiyar rubutu a cikin rijistocin katin, wato wuraren da direba yake ba katin umarni ya kuma karanta halinsa. Ka turo mana hanyoyin nan guda uku mu gani: aikin risetin da mai gadi yake turawa, error_detected, da resume wanda AER ke kira a ƙarshe don katin ya koma aiki.

Injiniya Bala:
Ni kam ina ganin ana tsawaita abin da bai kai ba. A sa kwado irin na mutex guda ɗaya a direban, duk wanda zai taɓa katin ya riƙe shi, wanda ya zo daga baya ya jira a layi kamar yadda ake yi a gidan mai. Katin da ke lalacewa sau ɗaya a mako uku ba ya buƙatar wata dabara ta gudu. Na yi haka a wani direban na'urar awo kuma shekara biyu ke nan ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Malama Hauwa:
Injiniya, shawararka tana da hujja a inda kowa yake da izinin barci, amma a nan ba kowa ne yake da shi ba. Mai gadin layin aikawa agogo ne ke tayar da shi, yana gudana ne a yanayin da aka haramta barci, haka ma mai amsa katsewar katin, wato kiran gaggawa da katin yake yi wa furosesa. Mutex kwado ne da mai jiransa yake kwanciya ya yi barci har a buɗe, don haka idan ka kira shi a can, kenel mai CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP zai yi maka ihu nan take, wanda ba shi da shi kuma zai bar ka har ranar da za ka faɗi. Wannan ne ma ya sa direbobi ba sa yin risetin a cikin ndo_tx_timeout, hanyar da mai gadi yake kira, sai dai su ajiye aikin a layin ayyuka wani zare ya ɗauka daga baya. Idan kuma ka ce a koma spinlock, kwadon da ake jiransa a tsaye, to ba za ka iya riƙe shi tsawon risetin ba, tunda risetin yana jiran katin ya farfaɗo, wani lokaci ɗaruruwan milisakan. Linux ya taɓa zama da babban kwado guda ɗaya tun zamanin 2.0 a 1996, kuma sai a 2011, a kenel 2.6.39, aka samu aka cire shi, bayan shekaru ana tono wuraren da suka dogara da shi ba tare da kowa ya san abin da yake karewa ba.

Nura Wuse:
Na sake karanta hanyoyin uku a daren jiya da idon abin da Malama ta faɗa, kuma ina jin na ga inda aka haihu a ragaya. Aikin risetin yana riƙe rtnl_lock, kwadon kenel da ke tsare saitunan sadarwa, kafin ya sauke katin, resume ma yana riƙe shi, amma error_detected ba ya riƙe komai. Dukansu biyun da ke saukewa, aikin risetin da error_detected, suna kiran napi_disable, wanda ke kashe napi, sashen da ke kwashe fakitoci daga katin. Abin da ban sani ba sai jiya shi ne, idan aka kira napi_disable a kan wanda aka riga aka kashe, mai kira na biyu yana zama ne yana jiran wata alama da ba za ta sauka ba sai an kira napi_enable. To ga yadda abin yake: error_detected ya riga ya kashe, aikin risetin ya zo na biyu ya zauna jira da rtnl a hannunsa, shi kuma resume wanda zai kira napi_enable yana bakin ƙofa yana jiran rtnl. An yi kiki-kaka. Shi ya sa ip ne ake ambata a saƙon dmesg, shi baƙo ne kawai da ya zo neman rtnl ya tarar da layi, ainihin mai laifin yana farkawa yana komawa barci a kai a kai, don haka mai lura da ayyukan da suka toshe bai taɓa kama shi ba. Wata biyu ina tuhumar wanda bai ci ba bai sha ba.

Abin da har yanzu yake ɗaure mini kai shi ne yadda abubuwa biyu da kowannensu ba kasafai yake faruwa ba suke haɗuwa a cikin daƙiƙa guda.

Malam Ilya Jos:
Gaisuwa daga Jos. Malam Nura, ruwa ba ya tsami banza, kuma waɗannan biyun ba haɗuwa suke yi bisa tsautsayi ba, ɗaya ne yake haifar da ɗaya. Ina kyautata zaton katin ne yake fara suma lokacin da wuta ta girgiza, ya daina kwashe fakitoci daga zoben aikawa, wato jerin da direba yake ajiye masa su. Mai gadi yana jira daƙiƙa 5, wanda shi ne wa'adin da kenel yake sawa idan direba bai zaɓi nasa ba, sannan ya tura aikin risetin. Aikin risetin ya je ya karanta rijista a katin da ba ya amsawa, wannan karatun shi ne yake jawo kuskuren PCIe, AER kuma ya tashi a daidai lokacin da risetin yake rabin hanya. Wato mai gyaran ne da kansa yake kiran abokin takararsa. Wannan ne dalilin da ya sa rige-rige ya fi yawa a hanyar farfaɗowa fiye da ko'ina a direba: cuta ɗaya ce, amma masu ganinta da yawa ne, agogo ya gani, mai amsa katsewa ya gani, AER ya gani, famwayar katin ma tana iya aiko da nata saƙon, ga kuma ɗan Adam da ya ga sadarwa ta tsaya ya ruga ya buga ip link down ko rmmod, umarnin cire direba. Kowa ya zo da niyyar taimako, kuma hanya ce da ba a cika gwada ta ba saboda kati mai lafiya ba ya bi ta nan.

Shawarata ita ce ka daina tunanin kwado nawa za ka ƙara, ka fara tunanin wa ke da alhakin gyara. Ka dubi yadda direban NVMe, na faifan ajiya, yake yi. Kowane kwantirola yana da hali guda a kowane lokaci, LIVE ko RESETTING ko CONNECTING ko DELETING da sauransu, kuma babu mai canja halin sai ta nvme_change_ctrl_state, wanda yake riƙe ɗan ƙaramin spinlock na ɗan lokaci, ya duba ko an halatta tashi daga wannan hali zuwa wancan, ya amsa da e ko a'a. Wanda aka ce masa e shi ne mai gyaran. Wanda aka ce masa a'a ya san ba aikinsa ba ne, kuma ya san dalili. Kwadon ba ya kare risetin ɗin gaba ɗayansa, yana kare hukuncin wanda zai yi shi ne kawai. SCSI, wani sashen kenel na faifai, shi ma ya bi irin wannan tunani ta wata fuska, yana da zare guda na gyara ga kowane mai masaukin faifai, a dakatar da sabbin umarni, shi kaɗai ya hau matakai daga soke umarni zuwa risetin na'ura har zuwa risetin katin duka.

Injiniya Bala:
Na karɓi gyaran Malama game da barci, na manta cewa nawa direban ba shi da agogo. Amma ku dubi abin da Nura ya gano: kwadon yana nan, rtnl ne, mutum ɗaya ne kawai ya ƙi riƙe shi. A sa error_detected ya riƙe rtnl, magana ta ƙare. Ashe dai maganata ce ta dawo.

Malam Ilya Jos:
Rabin maganarka ce ta dawo, Injiniya, kuma rabin gaskiya ne, dole error_detected ya riƙe rtnl, direbobi da dama na cikin kenel haka suke yi. Sai dai ka ƙaddara an yi hakan. Aikin risetin ya riƙe kwado, ya sauke katin, ya zo tayarwa ya tarar katin matacce ne, tayarwar ta gaza, ya saki kwado ya tafi ya bar napi a kashe. Yanzu error_detected ya karɓi kwadon cikin ladabi, babu wanda ya yi rige-rige da shi, ya kira napi_disable karo na biyu, ya zauna har abada da rtnl a hannunsa. An gudu ba a tsira ba. Kwado yana hana mutum biyu shiga tare, amma ba ya gaya wa na biyu abin da na farko ya bari a ɗakin. Sai an haɗa shi da hali da aka rubuta, wanda ake dubawa bayan an riƙe kwadon, ba kafin a riƙe ba.

Alhaji Sabo:
Ku yi mini uzuri, ni mutumin ƙarfe ne ba na rubutu ba, shekara da shekaru ina haɗa injuna ina gyarawa a nan Abuja. Duk wannan bayanin yana da kyau, amma kati mai lafiya a injin da ke samun wuta mai kyau ba ya suma. Ɗana Nura, yaushe rabon da ka canja batiran UPS ɗinku, na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke? Yaushe rabon da ka zare katin ka hure ƙurar hunturu daga ramin ka mayar da shi ya zauna daidai? Na ga injuna da yawa da aka yi ta zargin manhaja, ashe batir ne ya tsufa, lokacin sauyawa zuwa janareto wutar ta ɗan nutse. Ka gyara wannan tukuna, rige-rigen ba zai samu filin gudu ba.

Nura Wuse:
Ranka ya daɗe, ka taɓo inda yake ciwo, batiran sun haura shekara uku, kuma na riga na rubuta takardar neman sababbi. Amma ina so in yi duka biyun, saboda ko da wuta ta gyaru, ranar da katin zai sake suma saboda zafi ko tsufa, ina so direba ya tashe shi cikin daƙiƙa kaɗan maimakon a kira ni daga Kubwa da tsakar dare in zo in danna maɓalli. Don wannan ranar aka rubuta hanyar farfaɗowa tun farko.

Na gwada wani abu yau kuma na ƙone hannuna, bari in faɗa don wani ya amfana. Na ce tunda aikin risetin ne ke kawo cikas, bari in soke shi da cancel_work_sync a cikin hanyar rufe katin. A gwaji na uku injin ya sandare fiye da da.

Malama Hauwa:
Wannan ramin kusan duk wanda ya taɓa direban sadarwa ya faɗa cikinsa sau ɗaya, don haka kada ka ji kunya. Kenel yana kiran ndo_stop, wato hanyar rufe katin, da rtnl a riƙe. Shi kuma cancel_work_sync ba ya dawowa sai aikin da ya riga ya fara ya gama. Idan aikin ya fara, yana tsaye yana jiran rtnl da ke hannunka, kai kuma kana jiran ya gama, to babu mai motsi. Ƙa'idar ita ce kada ka taɓa jiran wani aiki alhali kana riƙe da kwadon da aikin yake nema. A hanyar rufewa ba ka buƙatar soke shi, ka rubuta hali cewa katin a sauke yake, aikin idan ya samu rtnl daga baya ya duba halin ya ga babu abin yi ya fita. Sokewa ta gaskiya wurinta a remove ne, hanyar da ake kira idan ana cire direba, bayan unregister_netdev mai cire katin daga jerin na'urorin sadarwa ya dawo, lokacin da babu rtnl a hannunka, kuma kafin ka saki ma'adanar da aikin yake taɓawa.

A nan ma akwai wani tarko. Idan agogo yana tura aiki, aikin kuma yana sake ɗaura agogo, to ka soke ɗaya ɗayan ya tayar da shi. A kenel 6.2 an kawo timer_shutdown_sync wanda yake hana a sake ɗaura agogon bayan an kashe shi, amma a naka sai ka dogara da halin: ka fara rubuta cewa ana cirewa, kowannensu ya duba kafin ya tura ɗan uwansa, sannan ka kira del_timer_sync da cancel_work_sync.

Malam Ilya Jos:
Bari in ƙara abu ɗaya a kan na Malama, domin akwai ɗan takara guda da babu kwadon da yake ji, shi ne katin kansa. Yana rubutu kai tsaye a cikin ma'adanar injin ta hanyar DMA, bai san mutex ba bai san spinlock ba. Idan ka saki zoben karɓa alhali katin bai tsaya ba, kenel zai ba wani wurin, katin kuma ya zuba fakiti a kan bayanan wani, sai injin ya faɗi bayan sa'o'i a wani wuri da ba shi da alaƙa da sadarwa. Saboda haka tsarin saukewa yana da jeri da ba a tsallakewa. Ka fara da netif_device_detach don a daina kawo maka sabbin fakitoci, wanda kuma yake sa mai gadi ya yi shiru tunda yana duba ko na'urar tana nan. Sannan ka rufe katsewa a katin, ka kira synchronize_irq don ka tabbata babu mai amsawa da ke gudana a wani furosesa, ka kashe napi, ka ƙwace wa katin ikon DMA da pci_clear_master, sai bayan wannan duka ka saki ma'adana. Tayarwa kuma ta bi jerin a juye.

Ka kuma binciki duk wani zagaye a direban da yake karanta rijista yana jiran wata alama ta sauka. Karatu daga katin da ya ɓace yana dawo da 0xFFFFFFFF, wato kowace alama a ɗage take. Zagayen da ba shi da wa'adi zai yi ta juyawa har tashin kiyama, wanda yake jiran alama ta tashi kuma zai ɗauka katin ya ce ya shirya alhali babu kowa a gidan. Ka sa wa kowane zagaye iyaka, ka duba pci_channel_offline, ka ɗauki wannan lamba a matsayin alamar mutuwa a duk rijistar da ba za ta iya ɗaukar ta da gaske ba.

Injiniya Bala:
To na sallama. Amma ta yaya zai san ya gyara? Abin da ke zuwa sau ɗaya a mako uku, idan ya yi shiru wata guda ba hujja ba ce, musamman idan Alhaji ya canja masa batir a tsakani.

Malama Hauwa:
Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace amfani yau. Ba a jiran rige-rige, kiransa ake yi. Ya harhaɗa kenel na gwaji da CONFIG_PROVE_LOCKING, wato lockdep da Ingo Molnar ya kawo a 2006, wanda yake lura da jerin da ake riƙe kwaduna ya yi gargaɗi a kan kiki-kakar da za ta iya faruwa ko da ba ta faru ba tukuna, kuma da yana kunne da wataƙila ya nuna masa kuskuren cancel_work_sync kafin injin ya sandare. Ya ƙara KASAN don kama amfani da ma'adana bayan an sake ta. A wani harhaɗin dabam ya sa KCSAN, wanda ya shigo a kenel 5.8, shi ne yake kama irin tutar nan ta farko. Sannan ya yi amfani da aer-inject ya riƙa ƙirƙirar kuskuren PCIe da gangan, a wata tagar yana ta ɗaga katin yana saukewa, a wata kuma yana turo fakitoci. Dabara ta ƙarshe mai arha ita ce ya saka msleep, wato jinkiri, na rabin daƙiƙa a tsakiyar aikin risetin, domin ƙofar da take milisakan ɗaya ta zama wagege. Ya guji cika wurin da printk, mai rubuta saƙo a dmesg, yana neman gani, saboda jinkirin rubutun yana canja lokaci, sau da yawa ƙwaron, wato kuskuren, yakan ɓuya muddin ana kallonsa.

Nura Wuse:
Ga rahoto bayan kwana huɗu. Na ɗauki saba ta uku na mayar da ita ta gwaji. Da tsohon direba da msleep ɗin Malama, injin yana sandarewa kafin in kai allurar aer-inject ta goma, wanda ya faranta mini rai fiye da yadda kuke zato, domin karo na farko ke nan da na kira matsalar ta amsa. A sabon faci, wato gyaran da na yi wa direban, akwai hali guda da ake canjawa ta hanya ɗaya tak, error_detected yana riƙe rtnl, saukewa tana duba ko an riga an sauke, sokewa ta koma remove, kuma na samu zagaye biyu marasa wa'adi kamar yadda Malam Ilya ya yi hasashe. Na bar rubutun gwajin yana gudu daga daren Juma'a zuwa safiyar Litinin, katin ya faɗi ya tashi kowane karo, lockdep bai ce uffan ba.

KASAN kuwa ya yi magana sau ɗaya, lokacin da na buga rmmod a tsakanin slot_reset, hanyar da AER ke kira bayan an sake tayar da ramin, da resume. Na ɗauka kwadon na'ura da kenel yake riƙewa ya raba su, ashe yana riƙe shi ne a kowane kira dabam, yana saki a tsakani, kuma slot_reset na wannan direban yana ɗaura wani agogon duba layi da remove bai san da shi ba. Malam Ilya, zan turo maka wannan sashen da yamma ka duba mini kafin in aika wa masu katin. Alhaji, batiran sun iso jiya, amma na roƙi a bar saba ta uku a kan tsofaffin har ƙarshen wata, ina so in ga facin ya gamu da janareto na gaske.